Ɓarawon da Ya Share Shago

Sufeto Lado yana zaune a caji ofis na Ikara, ya tallabe kunci saboda wani haƙori da ya hana shi sakat tun farkon kaka, sai ga mutum ya faɗo ciki, riga duk baƙin mai, hula a hannu.

"Ranka ya daɗe, an kashe ni!"

Sufeto ya dube shi sama da ƙasa. Tun zamanin Turawa yake aikin ɗan sanda, har ga shi an sauke tutarsu an ɗaga kore da fari, amma bai taɓa ganin gawa ta kawo ƙara da ƙafarta ba.

"To, Allah ya jiƙanka. Zauna ka gaya mana wanda ya kashe ka."

Sunan mutumin Sama'ila, daga Maƙarfi. Shi ke da injin sassaƙar ƙarfe, wanda babu irinsa sai an dangana da Zariya. Duk mai injin matse rake a Maƙarfi da Kudan, in ƙarfen matsarsa ya cinye ko ya karkace, wurin Sama'ila yake kai shi a ɗora a fere shi ya koma sumul. Jiya ya tafi Kudan auno wani aiki. Da ya dawo ya buɗe shago, sai ya tarar bel ɗin injin ya yi ɓatan dabo.

"Saboda bel ka taso tun daga Maƙarfi?" in ji Sufeto.

"Yallaɓai, ba irin wanda ka sani ba ne. Fata ce ta ƙasar Turawa, faɗinta ya kai tafin hannu. Shi ke ɗauko ƙarfi daga injin gas ya kai wa mazari."

"Kaɗi kake yi?"

"Sandar ƙarfen da ke riƙe aiki tana juya shi, ita muke kira mazari. In babu bel, inji ya zama kujera. Ga mutanen Kudan sun sare rake sun tara, ƙarafansu suna shagona, rake kuwa ba ya jiran kowa. Ni na gaji, yallaɓai. Akwai wani mai sayen ƙarafa a Zariya da ya daɗe yana zawarcin injin nan. In ba a ga bel ɗin ba kafin ranar kasuwa, zan sayar masa, in kwashi iyalina mu koma Kaduna. An ce masaƙa tana ɗaukar ma'aikata."

Ya faɗi wannan ba da hargowa ba, shi ya sa Sufeto ya yarda da gaske yake. Ya miƙe ya ɗauki hularsa, ya ƙwala wa Kofur Ɗan'azumi kira ya fito da babur.

A Maƙarfi, abin da Sufeto ya fara dubawa shi ne kwaɗon ƙofa. Lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu.

Cikin shagon kuwa ga injin nan a tsaye, dogo, baƙi, ya kusa cika ɗakin. Sufeto bai san kan inji ba, bai kuma damu ya sani ba, amma ya san kiyashi. Ga su nan sun yi layi daga bakin ƙofa, sun hau ƙafar injin, sun yi cincirindo a kan fuli, wato faifan ƙarfen da bel ke hawa.

"Me kake shafa wa bel ɗin?"

"Ba komai, yallaɓai."

"Malam Sama'ila, kiyashi ba ya shan gas."

Kofur Ɗan'azumi, wanda bai taɓa ganin abu mai danƙo ya wuce shi ba, ya lakato da yatsa ya kai baki. Ya lumshe ido.

"Maɗi ne, sa. Mai kyau kuwa."

Sama'ila ya sosa ƙeya. Ya ce gaskiya bel ɗin ya daɗe yana santsi, ana cikin aiki sai ya riƙa zamewa. Shi ne yake ɗan shafa masa maɗi don ya kama. In ya ƙi, sai ya ƙara ɗaure shi har ya miƙe kamar tsarkiyar baka.

"To, ta yaya ake cire shi?"

"Ba ya ciruwa. Ba shi da baki, an ɗinke shi an manne tun kafin a haife ni. A jikin mazari yake kamar munduwa a hannu. Sai dai a yanka."

Sufeto ya durƙusa yana neman ɓarɓashin fata. Babu. Ba ma na fata kaɗai ba, ko garin ƙarfe babu a ƙasa. An share daɓen tas, har an bar sawun tsintsiya.

"Wa ke yi maka shara?"

Sama'ila ya dubi ƙasa, baki buɗe.

"Ni dai ban taɓa share shagon nan ba."

"Wa kake zargi?"

"Maiwada baduku. Ya sha cewa fatar nan in ta samu mai hankali, za ta yi takalmin da jika zai gada."

Rumfar Maiwada tana kallon shagon ne, hanya kawai ta raba su. Yana hango kaki ya taso da sandar rake ya miƙa wa Sufeto da hannu biyu. Duk inda Sufeto ya sa ƙafa a garin nan rake ake miƙa masa, shi kuwa ko ruwan sanyi ba ya iya kai wa haƙorin. Ya karɓa ya miƙa wa Kofur, zuciyarsa na ƙuna.

"Muna neman bel ɗin injin Sama'ila."

"Au, injin yana da bel? Ban taɓa lura ba."

"An ce ka taɓa yi masa kwaɗayin takalmi."

"Yallaɓai, baduku ko saniya ya gani tana kiwo takalmi yake gani. Ba laifi ba ne, ido ne."

Kofur ya ajiye rake, ya jera sababbin takalman rumfar, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sansanawa. Waɗanda ya yi shakka a kansu ya ɗan lasa. Mutanen da suka taru suka tsaya suna kallon yadda aikin gwamnati ya koma bayan samun 'yanci.

"Babu zaƙi, sa."

"Jiya da rana kana ina?" Sufeto ya tambayi Maiwada.

"Ina nan. Ban ga kowa ya shiga ba."

"Ban tambaye ka ko wani ya shiga ba."

Sufeto ya miƙa hannu ya ɗauki wani tandu a gefen tabarma, irin wanda dukawa ke zuba man tausasa fata. An suɗe shi ƙarƙaf, bakinsa da sauran danshi.

"Wa ya saye man?"

"Ba saye aka yi ba, kyauta na bayar. Wato, zubewa ya yi."

"A kyauta ya zube?"

Maiwada ya ajiye basilla, ya haɗa hannuwa ya miƙo su.

"Yallaɓai, ga hannuna, sa ankwa. Amma ba a bakina za a ji mutuwar sarki ba."

Sufeto ya waiwaya ya dubi taron. Mai rake ya dubi sama, mai nama ya shiga neman wuƙarsa da ke hannunsa, wata tsohuwa mai mazarƙwaila ta ɗauki faifanta ta yi gaba. Nan ya gane duk unguwar sun ga ɓarawon, kuma duk kunyarsa suke ji. Ya kuma gane wanda ya nemo wa fata mai ba shi da niyyar yanka ta.

Ya koma shagon, haƙori na zuga. Ya jingina da kan injin don ya huta, sai ƙarfen ya juya a ƙarƙashin hannunsa, sulul, ba ƙara, har ya kusa kifawa.

Sama'ila ya zaburo. Ya kama mazarin da hannu biyu ya jijjiga sama da ƙasa. Ko gezau. Ya sake juya shi, ya kara kunne.

"La ilaha illallahu! Yallaɓai, mazarin nan shekaranjiya rawa yake yi kamar ruɓaɓɓen haƙori."

"Nemi wani misalin."

"An zare shi! Wallahi an zare shi, an fitar da bel, an mayar da shi. Dubi notinan bushin da mazari ke juyawa a cikinsa, an daidaita su. Dubi kofin mai, an cika shi. Kai, dubi sifanuna!"

A jikin bango an rataye sifanun a jere, daga babba zuwa ƙarami.

"Wato ɓarawo ya shigo da mabuɗi," in ji Sufeto, "ya gyara maka inji, ya jera maka kaya, ya yi shara, ya kulle ya tafi. Kofur, in mun kama shi ka tuna mini in ba shi mabuɗin gidana. Malam Sama'ila, wa ya iya wannan aikin a ƙasar nan?"

"Babu kowa."

"Wa ya koya maka sana'a?"

"A Zariya na koya. Kawuna ne ya riƙe ni, shi ya kai ni."

"Kafin kai, injin na wane ne?"

Sama'ila ya sunkuyar da kai.

"Na Baffa ne. Da shi ya dawo lokacin da ya bar aikin reluwe."

"Mahaifinka? Ka yi masa maganar satar?"

"Yallaɓai, ni ne ɗan fari."

Sufeto bai buƙaci ƙarin bayani ba. A gidajen da ke riƙe da kunyar ɗan fari, musamman na Fulanin da suka zauna, uba ba ya kiran sunan ɗansa na farko, ba ya zama da shi, ba ya yi masa doguwar magana. In ta kama dole, sai a bi ta bakin wani.

"Kuma ka cire Baffa a ciki," in ji Sama'ila. "Injin ma ta hannun kawuna ya ba ni. Tun da na buɗe shagon nan bai taɓa leƙowa ba. In na tada inji ma, tashi yake yi daga zaure ya tafi gona. Ko na zauna ko na tafi Kaduna, duk ɗaya ne a wurinsa."

Wannan magana ta soki Sufeto fiye da haƙorin. Shi ma ɗan fari ne. Mahaifinsa ya rasu bai taɓa jin sunansa a bakinsa ba, sai bayan an yi jana'iza aka ba shi labarin yadda tsohon ke tare matafiya a tasha yana tambayar ko sun ga wani ɗan sanda dogo a Zariya. Har yau in ya tuna sai ya ji haushi da tausayi a lokaci guda.

Zauren Malam Jumare, mahaifin Sama'ila, bango ɗaya ya raba shi da shagon. Suka same shi a kan buzu, siririn tsoho fari, yana jan carbi. Sufeto ya cire takalmi ya durƙusa, aka shiga gaisuwa.

"Baffa, ina wuni? Ina gajiya?"

"Eh, raken bana ya yi kyau."

"Na ce yaya iyali?"

"Ranar kasuwa? Sai jibi."

"Ba ya ji, sa," in ji Kofur.

Sufeto ya gyara zama. Yana kallon yatsun da ke jan carbin. An wanke su da sabulu har sun yi fari, amma ƙarƙashin farce baƙi ƙirin. Sannan ya bi bango da kallo. Kiyashi sun yi layi daga ƙasa, sun haura, sun shige wata taga da aka toshe da tsohuwar tabarma.

"Baffa, an yi sata a shago!" ya ɗaga murya.

"Ni na manta yadda ake riƙe sifana. Ido babu, hannu babu."

"Ban yi maganar sifana ba."

"Eh, Allah ya kawo ruwa mai albarka."

Sufeto ya juya wurin Kofur, ya yi ƙasa da murya kamar mai raɗa.

"Tashi mu tafi. Dama jibi mutumin Zariya zai zo ya kwance injin, Sama'ila kuma ya kwashi 'ya'yansa su koma Kaduna."

Carbi ya tsaya cak.

"Wancan ne ya faɗi haka?"

"Ashe kunnen ya buɗe, Baffa."

"Yakan buɗe, yakan rufe," in ji tsohon, ya ci gaba da jan carbi, amma yanzu bibbiyu yake ja.

Da suka fito, Kofur ya ce a ba shi izini ya janye tabarmar nan, magana ta ƙare. Sufeto ya ce a'a. In ɗan sanda ya zaro kayan sata daga ɗakin dattijo a gaban unguwa, an sami bel an rasa mutum. Gara ya kawo da hannunsa.

Ya sa Kofur ya aro wata tsohuwar garma da babbar guduma a maƙera, suka shiga shagon. Ya ce wa Sama'ila ya tsaya gefe, kome ya ji kada ya buɗe baki. Kofur ya ajiye garmar a ƙasa daidai bangon zaure, ya tofa yawu a tafin hannu.

Sufeto ya buɗe murya yadda za a ji shi har bakin kasuwa.

"Mutumin Zariya ya ce a fara fitar masa da mazarin! Ba sai an kwance noti ba, Kofur, buga shi ya fita ta baya!"

Ƙwam! Kofur ya sauke guduma a kan garma.

"Bai motsa ba! Ƙara masa!"

Ƙwam!

Ba a kai ga ta uku ba aka banko ƙofa. Tsohon da ba shi da ido, ba shi da hannu, ba shi da kunne, ya shigo a guje ba takalmi, rawani ya warware, bel rataye a kafaɗa yana ƙyalli da mai.

"Kai! Kai, ɗan sandan nan! Wane jahili ne ke dukan mazari da guduma? Gatari ne?"

Ya ture Kofur, ya rungume kan injin yana shafa shi. Sai ya ga mazari lafiya lau. Ya dubi ƙasa ya ga garma. Ya ɗago ya ga Sufeto. Sannan ya ga ɗansa a tsaye a lungu, sai ya yi maza ya juya masa baya.

"Malam Jumare," in ji Sufeto, "me ke kafaɗarka?"

Tsohon ya yi ajiyar zuciya.

"Ni na ɗauka. Da tsohon mabuɗina na shiga, da rana tsaka, kowa na gani. Niyyata in wanke shi, in ba shi mai, ya huta a inuwa, in mayar ba wanda ya sani. Ban san wancan zai ruga wurin hukuma ba."

"Me ya sa ba ka gaya masa ba?"

"In gaya masa? Ni?" Ya dubi Sufeto kamar ya ce masa ya fita kasuwa ba wando. "Shekara da shekaru ina zaune a bayan bangon nan ina jin ƙarfen nan yana kuka. In abin ya ishe ni in tafi gona, can ma ina jiyo shi. Na aika ta bakin kawunsa, kawun bai san bushi ba bai san fuli ba, ya je ya ce masa wai in ji ni ya riƙa sallah a kan lokaci. Da an ƙara wata guda a haka, da mazarin ya cinye bushinsa, shi ke nan sana'a ta mutu. Sufeto, ka gaya wa wancan, maɗi na koko ne, ba na bel ba."

Sufeto ya juya. Tsakanin uban da ɗan bai fi taku biyu ba.

"An ce maɗi na koko ne."

"Yallaɓai, ka ce masa zamewa yake yi," in ji Sama'ila.

"An ce zamewa yake yi."

"Ka ce masa ƙishirwa ce ke sa fata santsi. Mai take so, ba ɗauri ba. In ya ɗaure bel kamar ya kama ɓarawon akuya, mazari yake ja gefe guda. Ya danna da babban yatsa, in bai ɗan lotsa ba ya yi tsauri. Ka ce masa in inji ya yi aiki ya ɗora bayan hannu a kan bushi. Ɗumin jikin jariri ake so. In ya kai zafin kaskon waina, ya tsaya ya sassauta noti kaɗan ya ba shi mai."

"An ce jariri, ban da waina," in ji Sufeto.

"Ba haka na ce ba!"

"Baffa, ni sufeto ne, ba tafinta ba. Kuma haƙorina na ciwo. Ga shi ga ka."

Mutanen unguwa sun cika ƙofa, Maiwada a gaba. Malam Jumare ya dubi rufi, ya dubi sifanu. Can sai ya miƙa hannu ta baya, ba tare da ya waiwaya ba, ya laluba ya kamo wuyan hannun ɗansa, ya jawo shi ya ɗora a kan bushin, ya danne da nasa.

"Nan," ya ce wa bango.

Sama'ila, mutum mai mata da 'ya'ya, ya tsaya hawaye na zuba a kan rigarsa mai baƙin mai. Rabon da hannun nan ya taɓa shi, shi kansa bai sani ba.

Tare suka zare mazarin, suka sa bel, suka mayar. In tsohon na son sifana sai ya buɗe tafi, ɗan ya sa masa. Da aka tada injin gas, bel ya ɗauka, mazari ya shiga juyawa da wani siririn sauti, har Maiwada ya leƙo ya tambaya ko an tayar ne.

"Yallaɓai, na janye ƙara," in ji Sama'ila.

"A ofis aka shigar, a ofis ake janyewa. Ka zo gobe da safe. Malam Jumare, kai kuma ka amsa laifi a gaban shaidu, sai ka biyo ni."

"Mu tafi," in ji tsohon da sauri. A ganinsa kwana a Ikara ya fi sauƙi a kan ya tsaya a ɗaki ɗaya da ɗan fari yana kuka.

Aka kawo masa takalmansa, ya naɗe rawani, ya hau bayan babur ya zauna daram kamar wanda za a kai ɗaurin aure. Kofur aka bar shi ya mayar da garma ya biyo motar haya. Kafin Sufeto ya tada babur, Sama'ila ya zo ya durƙusa ta ɓangarensa, ya yi masa magana a kunne.

Sun bar gari, sun shiga tsakanin gonakin rake, babu kowa sai su sai ƙarar babur. Sufeto ya ji tsohon ya matso, ya kawo baki kusa da kafaɗarsa.

"Sufeto."

"Na'am, Baffa."

"Me Sama'ila ya ce game da Kaduna?"

Sufeto ya ji sunan sarai. Bai waiwaya ba, don ya san in ya waiwaya ya ɓata komai.

"Ya ce ba inda za shi. Ya ce kuma in roƙe ka ka riƙe mabuɗin."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Sun yi tafiya mai nisa a haka, Sufeto yana jin goshin mutumin a jingine da bayansa, kakin yana jiƙewa a daidai wurin. Sai da suka hango rufin kwanon Ikara sannan Malam Jumare ya ɗago, ya share fuska da bakin rawani, ya kasa kunne.

"Tsaya a gindin tsamiyar can," ya ce. "Cen ɗin babur ɗin nan ya yi tsauri. Wa ke ɗaure maka shi?"